Matsefata da Wuƙar Aljihu: Wace Ya Kamata Manomi Ya Riƙe?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta, ko ta Bichi, ko ya ratsa ta Minjibir da Gezawa, zai lura cewa gona ce ke bin gona, da kyar ake ganin saura. Wannan shi ne yankin da masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazari a kansa, ya fitar da sakamako a 1965, inda ya nuna yadda jama'a masu yawa suke noma fili ɗaya kowace shekara ba tare da an bar shi ya huta ba. Abin da ya riƙe ƙasar shi ne taki, watau kashin awaki da tumaki da shanu, da sharar gida, har da wanda aka daɗe ana ɗaukowa daga birni a kan jakuna. A irin wannan wuri ne za mu duba wani ɗan ƙaramin abu da mutum kan jefa a aljihu ya fita da shi kullum, domin zaɓensa yana da alaƙa da wannan taki fiye da yadda ake zato.

Haɗa kayan aiki da yawa a jiki ɗaya tsohuwar dabara ce. A gidan ajiye kayan tarihi na Fitzwilliam da ke Kambirij a Ingila akwai wani na Rumawa, na azurfa, wanda ya kai shekara 1,700, mai cokali da tsinke da wuƙa, duk suna naɗewa wuri guda. Wuƙar sojan Suwizalan da ta yi suna a duniya, Karl Elsener ya soma kai wa sojojin ƙasarsu irinta a 1891, ya kuma yi rajistar samfurin hafsoshi a 1897. A 1983 kamfanin Leatherman na Amurka ya fito da nasa, wanda aka gina a kan filaya. Mu ma a ƙasar Hausa maƙeranmu sun daɗe da nasu, wato matsefata: ɗan hantsaki, da tsinke, da 'yar wuƙa, a haɗe cikin zobe, a sa cikin kube na fata. Wanda ya ƙirƙiro ta ya san ƙasarsa, don kuwa ya san abin da ya fi tsayar da mai tafiya a nan shi ne ƙaya.

Bari mu ɗan tsaya a kan ƙayar, da yake kowace iri da halinta. Ƙayar aduwa miƙaƙƙiya ce, takan kai tsawon ɗan yatsa, tana kuma iya huda takalmin roba. Ta magarya biyu-biyu take fitowa, ɗaya a miƙe, ɗaya a lanƙwashe kamar ƙugiya. Ɗan tsidau in ya bushe yakan rabu gida biyar, kowane da tsinayensa, ta yadda ko yaya ya faɗi sai wani tsini ya dubi sama. Ƙarangiya kuwa, in aka sa ta ƙarƙashin madubin ƙara girma, za a ga kowane tsini nata yana da 'yan haƙora masu duban baya, shi ya sa take shiga da sauƙi amma ta ƙi fita. Dukkansu dabarun tsiro ne, ko na kare kai daga dabba, ko na manna iri a jikinta ta kai shi nesa. Ga gawo da bagaruwa da kurna a cikin gonaki, ga kuma shingen ƙaya da ake yi wa lambu. Saboda haka ni a ganina abu na farko da za a duba a jikin kowane kayan aljihu shi ne hantsakinsa. A matse shi a ɗaga wa haske: in bakin nan biyu ba su haɗu tsaf ba, ba zai kama guntun ƙaya ba, sai dai ya karya ta a cikin nama. Hantsakin da ke zuwa cikin wuƙaƙen waje siriri ne, ya fi dacewa da ƙarangiya. Na maƙera ya fi shi ƙarfin riƙo a kan tafin ƙafar da ta yi kanta.

To, me ya sa guntun ƙaya ya zama abin damuwa? A cikin hanjin dabbobi da cikin ƙasar da ta sha taki akwai wata ƙwayar bakteriya da masana ke kira Clostridium tetani, mai kawo tsinkau-tsinkau, cutar da wasu ke kira sarƙewar haƙora. Arthur Nicolaier ya nuna alaƙarta da ƙasa a 1884, Kitasato ɗan Japan kuma ya ware ta a 1889. Ƙwayar ba ta son iskar oksijin. In tana fili sai ta shige wani ƙwanso mai tauri ta yi shekaru tana jira. In ta sami rami siriri mai zurfi wanda iska ba ta shiga, kamar wanda ƙaya ko ƙusa ke yi, sai ta farka ta fara fitar da guba mai bin jijiyoyi. Alamu kan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21: muƙamuƙi ya ƙi buɗewa, wuya ya sandare, jiki ya riƙa bankarewa. Mutane sukan ɗora laifin a kan tsatsa, amma tsatsa ba ta haifar da cutar, sai dai ƙarfen da ya yi tsatsa galibi ya kwana cikin ƙasa, jikinsa kuma ya yi kaushi yana riƙe datti. Akwai kuma wata cutar, maisetoma, wadda ƙaya ke shigar da ƙwayoyinta cikin ƙafa, ƙafar ta yi ta kumbura a hankali tsawon shekaru har cutar ta ci ƙashi. An san ta daga Senegal har Sudan, kuma a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Daga nan mai karatu zai gane dalilin da ya sa nake fifita kayan da ke da sauƙin wankewa a kan mai tarkace goma sha biyar. Kowace gaɓa da ke naɗewa maɓoyar datti ce. Wuƙar da aka yanke rogo da ita da safe, aka gyara kofaton akuya da rana, ba ita ya kamata a tona ƙafar yaro da ita da yamma ba. A wanke da sabulu tukuna. Sifirit yana kashe yawancin ƙwayoyi amma ba ya kashe ƙwanson nan. Wuta tana kashe shi, don haka a kara bakin tsinke da na hantsaki a harshen wuta, a bari su huce. Amma kada a gasa kaifin wuƙa har ya yi ja, domin taurin da maƙeri ya ba shi ta hanyar tsoma shi cikin ruwa da zafinsa zai tafi, ta dakushe. Bugu da ƙari, matsefata ba abin aro ba ce. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin mako guda da ranta a cikin busasshen jini, wanda ido ba lallai ya gani ba.

Batun ƙarfe kuwa, iri biyu ne a kasuwa. Akwai baƙin ƙarfe mai kabon, irin wanda maƙera ke samu daga tsohon sifirin mota. Yana yin kaifi sosai, dutsen washi kaɗan ya ishe shi, amma da damina gumi da laima suna sa shi tsatsa in ba a shafa masa mai ba. Akwai kuma ƙarfe mara tsatsa, wanda Harry Brearley ya haɗa a Shefil a 1913. Sirrinsa kuromiyam ne, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, wanda ke yin wata 'yar fata da ido ba ya gani, ta hana iska da ruwa cin ƙarfen. Mai kyau daga cikinsa yana da tsada. Na arha da ke cika tire a ranar kasuwa yana da ƙyalli, amma sau da yawa laushi gare shi, sukudirebansa kan murɗe a kan noti na farko. A gwada tun gaban mai sayarwa: a buɗe wuƙar a girgiza ta gefe da gefe, in tana rawa a gindinta a ajiye. Wadda ke rufewa da ɗan taɓi kuwa wata rana a kan yatsa za ta rufe.

Sauran tarkacen, sana'ar mutum ce za ta yanke hukunci. Mai noman rani a Tomas ko Watari, wanda ke fama da injin ban ruwa da mesa da waya, filaya da sukudireba za su biya shi kuɗinsu. Mai aurar da mangwaro wuƙa ɗaya yake bukata, siririya mai kaifin aska, domin sai yankan ya fita sumul sa'an nan ɓargon nan mai rai da ke ƙarƙashin ɓawo zai haɗu da ɗan'uwansa. Ɗalibi da malamin gona za su tsaga karan gero ko dawa su ga tsutsar da ke cinsa ta ciki. Su ma su sani wuƙa tana ɗaukar cutar bairos daga wannan tushen tumatir zuwa wancan, don haka a wanke ta kafin a taɓa lafiyayye. Mabuɗin kwalbar giya da ke jikin yawancin na Turai nauyin banza ne a Kunci. Tsawo ma kada ya wuce na yatsa, don doguwar wuƙa a aljihu tana iya sa jami'an tsaro su ɗauke ta a matsayin makami.

Akwai ayyuka biyu da bai kamata a sa wannan kaya ba ko kusa. Kada a tsaga wurin da maciji ya sara, domin ba ya fitar da dafin, kuma in kububuwa ce dafinta yana hana jini daskarewa, tsagar sai ta zama hanyar zubarsa. Kada kuma a yanke cibiyar jariri da shi, don ta nan tsinkau-tsinkau ke shiga jarirai. In ƙaya ta karye a can ciki, a daina tono, a wanke da ruwa da sabulu, kada a cusa toka ko ƙasa, a tafi asibiti mafi kusa a faɗa musu yaushe aka yi allurar rigakafin tsinkau-tsinkau ta ƙarshe. Ga babba, ana so a sabunta ta duk bayan shekara 10.