Darasin gida: mu koya wa yara kawo hujja a lissafi

Iyaye maza da mata, yaranmu da yawa sun yi watanni ba makaranta, kuma ajujuwan sansani a cike suke. Akwai abin da za mu iya koya musu a gida ba littafi ba biro, wato kawo hujja. Duk sa'ad da yaro ya ba da amsa, mu tambaye shi: "Ta yaya ka sani?"

Mu fara da tsakuwa. Yaro ya ɗebi 5, 'yar'uwarsa ta ɗebi 7, kowa ya jera nasa biyu-biyu. Kowannensu zai ga ɗaya ta yi saura, ba ta da abokiya. Irin wannan lamba ita ce mara, wadda kuwa ba ta bar saura ba ita ce cika. To, su haɗa tsakuwansu. Guda biyun da suka yi saura sun zama abokan juna, an sami 12, cika ke nan. Sai mu ce: "In da 9 da 15 ne fa? In da 101 da 33 ne fa?" Mu bar su su gano da kansu cewa ba sai an ƙirga ba: kowace mara guda ɗaya take bari, guda da guda kuwa biyu ne. Saboda haka mara da mara kullum cika suke bayarwa. Wannan ita ce hujja.

Wata rana mu gwada su da maganar da ba daidai ba. Mu ce: "Duk abin da ya rabu gida biyu daidai, zai rabu gida huɗu daidai." Za su ga 4 da 8 da 12 sun yi. Sai su gwada 6, ta ƙi. A nan za su koyi cewa misali uku ba su tabbatar da magana ba, amma misali ɗaya ya isa ya rushe ta.

Kada mu tsawata wa yaro don ya yi kuskure, kada kuma mu ɗauki tambayarsa rashin kunya. A ba 'ya'ya mata dama kamar maza. Yaron da ya saba neman hujja zai duba canjinsa a kasuwa, zai lura da awo ranar rabon abinci, kuma in ya ji jita-jita a layin famfo zai tambayi inda ta fito kafin ya kai ta gida.

Minti 10 bayan la'asar sun isa. Mu fara yau da tsakuwa 5 da 7.