Darasi na 24: Mota mai ɗaki

A Faransa da sauran ƙasashen Turai akwai wata irin mota da ake tafiya da ita, ake kuma kwana cikinta. Da faransanci ana ce mata « camping-car ». Tana da gado, da fitilu, da firji, da famfon ruwa.

Wannan mota batir biyu gare ta, kowane mai bolt 12. Na farko shi ke tada inji. Na biyu shi ke ba ɗaki wuta.

Batir kamar tulu ne: in ana ɗiba ba a zubawa, sai ya ƙafe. In mota tana tafiya, inji yana juya dinamo, dinamo kuma yana cika batir biyun. In an yi zango, faifan hasken rana da ke bisa rufi yana cika batirin ɗaki. Ana kuma iya jona motar da wutar gari mai bolt 230.

Da an kashe inji, wata ƴar na'ura takan raba batir biyun. Ko fitilu sun kwana kunne, batirin inji ba ya raguwa. Da safe mota ta tashi. Ba don haka ba, da matafiyi ya maƙale a daji, nesa da gari, nesa da ruwa.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin kowane batir?
2. Da waɗanne hanyoyi uku ake cika batirin ɗaki?
3. Don me ake raba batir biyun?