Horar da Sababbin Ma'aikatan Jinya Bayan Kammala Makaranta

Takardar shaidar da Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya ke bayarwa izini ce ta fara aiki, amma ba ita ce ƙwarewa ba. A shekarar 1984 wata masaniya 'yar Amurka, Patricia Benner, ta kasa ma'aikatan jinya mataki biyar, daga ɗan koyo zuwa gwani, ta kuma nuna cewa sai an yi shekara biyu ko uku a fage ɗaya kafin a kai mataki na uku. Don cike wannan giɓi ne wasu asibitocin jami'o'in Amurka suka soma wani shiri na shekara ɗaya a 2002, inda sabon ma'aikaci ke bin tsararriyar manhaja a ƙarƙashin wani na gaba da shi.

A arewacin Zamfara wannan magana ta rai da mutuwa ce. Binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi a Shinkafi da Zurmi a watan Yunin 2024 ya gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar na fama da tamowa. Jikin irin wannan yaro kuwa ya rage aikinsa don ya rayu: zuciya ta raunana, ƙoda ba ta iya fitar da gishiri da ruwan da suka yi yawa, hanta kuma ba ta da ajiyar sukari. Saboda haka ƙarin ruwan da zai ceci wani yaron mai gudawa yana iya tsayar da zuciyar wannan. Haka nan ba a ba shi maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe a kwanakin farko, ko da ya yi fari fat, domin yana iya ƙarfafa ƙwayoyin cuta. Da madarar F-75 ake farawa, kaɗan-kaɗan, bayan kowace awa biyu ko uku, har da tsakar dare.

Duk wannan yana cikin littafi, amma tausayi kan sa sabon hannu ya yi gaggawar ɗura ruwa da abinci. Horon da ya dace shi ne wanda za a ƙidaya numfashi da bugun jijiya a gaban malami, a maimaita har hannu ya faɗa. Dole kuma manhajar ta zama iri ɗaya, domin wanda aka tura ƙaramin asibiti a Ɗan Isa yana iya kwana shi kaɗai da mara lafiya, kafin a samu motar zuwa Ƙauran Namoda.