Ka Tuba, Ko Sai An Karya Ka?

Karatu: Farawa 32:22-32, Yusha'u 12:3-4
Ayar haddacewa: Wasiƙar Yakubu 4:7

Gabatarwa

Ɗan'uwa, in a ƙauyukan Batsari ko Safana ka tashi, ka san kokawar da yara maza ke yi a dandali da kaka, in farin wata ya fito. Babba ya ka da ƙarami, ya danne shi, ya murɗe masa hannu ta baya, yana tambaya, "Ka tuba?" Wani nan take zai ce, "Na tuba, na bi Allah na bi ka," a sake shi ya tashi ya kaɗe ƙura. Wani kuwa sai ya cije leɓe ya yi gum. Ni ina cikin masu yin gum. Wata rana na ƙi furta kalmar har kafaɗata ta goce, aka kai ni wurin mai ɗori, na yi makonni ko guga ban iya ja ba. Har yau in sanyi ya sauko, kafaɗar takan tuna mini.

A kokawarmu ta gargajiya da dambe, da zarar an kai mutum ƙasa wasa ya ƙare. Amma a irin faɗan da matasanmu ke kallo a waya, akan shaƙe wuya ko a lanƙwasa gwiwar hannu, ba kuma za a saki ba sai wanda aka riƙe ya bubbuga da tafinsa alamar ya sallama, ko alƙalin wasa ya tsayar. Shaƙar tana tare jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa, cikin daƙiƙa goma ko kusa da haka mutum ya suma. A shekarar 1951, a birnin Rio na ƙasar Brazil, Masahiko Kimura ɗan Japan ya murɗe hannun Helio Gracie. Gracie ya ƙi sallamawa har hannun ya karye, sai ɗan'uwansa ne ya jefa tawul aka tsayar da wasan. A watan Agusta na 2024 kuwa, Dricus du Plessis na Afirka ta Kudu ya shaƙe Israel Adesanya, haifaffen Legas, a zagaye na huɗu. Adesanya ya bubbuga, ya tashi da ƙafafunsa. Wane ne ya yi daidai a cikinsu?

Mai bi ma yakan sami kansa a riƙe. Kafin ka ce za ka sallama ko za ka jure, tambayi kanka abu biyu: hannun wa ke riƙe da ni, me kuma ake so in saki?

1. In Allah ne ya riƙe ka, sallama da wuri

Yakubu ɗan kokawa ne tun daga ciki, gama yana riƙe da diddigen Isuwa aka haife shi. Ya karɓe matsayin ɗan fari da faten wake, ya karɓe albarka da ƙarya, ya yi shekara 20 suna murɗa wa juna hannu shi da Laban. Ga shi yanzu a bakin rafin Yabbok, an ce masa Isuwa na tafe da mutum 400. Ya raba jama'arsa kashi biyu, ya tura kyautar dabbobi garke garke, ya haye da matansa da 'ya'yansa. Dabara ta ƙare, ya rage shi kaɗai. A nan ne wani ya kama shi da kokawa har gari ya kusa wayewa.

Lura da abin da ya kawo ƙarshen wasan. Taɓawa ɗaya aka yi wa ƙugunsa, ya goce. Ɗan kokawa kuwa da ƙugu yake tsayuwa. Wanda ya iya yin haka da asuba, ai da ya so da tun farkon dare ya yi. Ubangiji ya yi haƙuri dare guda yana jiran Yakubu ya gane da wa yake yi.

Sai aka tambaye shi sunansa. Shekara 20 da suka wuce, da mahaifinsa Ishaku ya tambaye shi ko shi wane ne, ya ce shi ne Isuwa. Wannan karon ya faɗi gaskiya, ya amsa sunan da ke nuna halinsa na ƙwace. Wannan ita ce "na tuba" ta Yakubu. Annabi Yusha'u ya gaya mana cewa da kuka da roƙo ya yi nasara. Ya daina turewa, amma bai saki ba. Ya maƙale wa wanda ya gurgunta shi, ya ce ba inda za shi sai ya sa masa albarka. A nan ya sami sabon suna, Isra'ila.

Ɗan'uwa, wataƙila Ruhu Mai Tsarki ya daɗe da riƙe ka a kan abu guda: bashin da ka ƙi biya, matar da ba taka ba, zakar da ka danne, gabar da kake yi da ɗan'uwanka har kuna cin Jibin Ubangiji ba kwa gaisawa. Kowane wa'azi sai ka ji kamar da kai ake. Barci ya ƙi zuwa. Kada ka jira sai ƙugu ya goce. Yakubu ya sami albarka, amma da ɗingishi ya bar Feniyel.

2. In dukiya ko girman kai ake nema, saki ka tsira

Mu da muke zaune a gefen dajin Rugu ba labari ake ba mu ba. An tare mutane a gona, an kore shanun huɗa, an ƙwace babura a hanyar kasuwa. Sa'ad da bakin bindiga ke kallonka, zuciya za ta ce maka, "Namiji ba ya barin gumin shekara goma a tafi da shi." Wannan muryar ce ta goce mini kafaɗa ina yaro. Hausawa sun ce faɗan da ya fi ƙarfinka, mai da shi wasa. Sa yana da madadi a kasuwa, uban 'ya'yanka ba shi da shi.

Ba rashin bangaskiya ba ne. Ubangiji Yesu da kansa ya umarci almajiransa su gudu zuwa wani gari in an tsananta musu a wannan (Matiyu 10:23). Manzo Bulus, wanda ya warkar da gurgu cikin sunan Yesu, a cikin kwando aka zurara shi ta katangar Dimashƙu da dare. Saboda haka kada kowa ya raina 'yan'uwanmu da suka bar ƙauye suka koma cikin garin Batsari, Dutsinma ko Katsina. Kada kuma mu ga laifin waɗanda suka rasa rai suna kare iyalinsu. Ubangiji ya san nasa.

Haka yake a rigimar iyakar gona da ta gado. Ishaku ya haƙa rijiya a kwarin Gerar, makiyaya suka yi gardama, ya bar musu. Ya haƙa ta biyu, ya sake bari. A ta uku ba wanda ya tanka, ya kira ta Rehobot (Farawa 26). Yakubu ma da gari ya waye ya rusuna har ƙasa sau bakwai a gaban Isuwa, wanda ya zo da mutum 400 ya ƙare da rungume shi yana kuka. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

3. In bangaskiyarka ake nema, kada ka bubbuga

Akwai riƙon da ba a sallamawa ko da hannu zai karye. Sarki Nebukadnezzar ya sa Shadrak, Meshak da Abednego a gaba: ko sujada ga gunki, ko tanderun wuta. Suka amsa cewa Allahnsu yana da ikon ceto, in ma bai cece su ba, ba za su durƙusa ba (Daniyel 3).

A wurinmu wannan riƙon ba kullum yake zuwa da wuta ba. Wani lokaci aboki ne zai kawo maka laya ko guru daga wurin boka, wai maganin bindiga. Wani lokaci kuɗi ne za a miƙa maka don ka faɗi wanda ya sayar da hatsi ko ya karɓi kuɗi a garinku. Wani lokaci samari ne za su ce ka zo a je a rama a kan rugar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Wani lokaci kuma cewa za a yi ka musanci Almasihu a sake ka. A nan ayar haddacewarmu take aiki. Ta ba da umarni biyu a jere: biyayya ga Allah, sa'an nan tsayayya da Iblis. Wanda bai sallama wa Allah a Yabbok ba, ba zai sami ƙarfin tsayawa a gaban tanderu ba.

In kuwa ka riga ka faɗi a nan, kada ka ce taka ta ƙare. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku a dare ɗaya, Yesu kuma ya neme shi a bakin teku ya danƙa masa tumakinsa (Yahaya 21). Je wurin fastonka, ka fito da layar, ka tuba.

Kammalawa

Wanda aka shaƙe ba shi da lokacin dogon tunani. Shi ya sa masu koyar da irin wannan faɗa suke koya wa ɗalibi bubbugawa tun yana sabon shiga. Kai ma yau, da kake zaune lafiya, za ka yanke abin da za ka saki da abin da ba za ka saki ba. Zauna da iyalinka a daren nan ku yi maganar a fili.

Tambayoyi

1. A kan wane abu Ubangiji yake kokawa da kai a kwanakin nan?
2. Me kake riƙe da shi don gudun kada a ce ka ji tsoro?
3. Me ya sa biyayya ga Allah ta riga tsayayya da Iblis?

Addu'a

Ya Uba, na tuba, na bi ka. Ka karya taurin kaina kafin ya karya ni. Ka ba ni hikimar sakin abin da zai shuɗe, da ƙarfin Ruhunka in riƙe sunan Ɗanka har ƙarshe. Ka tsare ƙauyukanmu, ka komo da waɗanda ke tsare a daji, ka juyo da zukatan masu riƙe da su. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.