MAZIYYI YANA IYA KAWO CIKI

Kai maigida, wannan takarda taka ce, kai da uwargidanka. Magana ce ta manya wadda mutane kan ji kunyar yi, amma rashin saninta ya jawo wa mata da yawa kwanika, ga goyo a baya ga ciki a gaba.

Magidanta da yawa, na ƙauye da na cikin Kaduna, in suna so matarsu ta huta bayan haihuwa, sai su riƙa janyewa su zubar da maniyyi a waje. Malamai suna kiran wannan azalu, dabara ce tun ta zamanin da. A mazhabar Maliku ba a yinsa sai da yardar matar. To, amma akwai wani ruwa da ke riga maniyyi fitowa, shi ne ya kamata ka sani.

MENE NE MAZIYYI?

Wanda ya karanta Ishmawi ko Risala ya san sunansa, gama yana cikin abubuwan da ke warware alwala. Ruwa ne garai-garai mai yauƙi, yakan fito in sha'awa ta motsa. Mafarinsa waɗansu 'yan ƙululai ne biyu a gindin mafitsara, kowanne bai fi ƙwayar wake girma ba. Aikinsa shi ne wanke hanyar fitsari daga zafin fitsarin, ya kuma sa santsi. Wani ɗigo ɗaya yake yi, wani kuwa har ya jiƙa wando, duka lafiya ne.

Abin lura a nan, ba mai iya riƙe shi. Ba ya sallama in zai fito, sau da yawa ma namiji bai san ya fito ba.

AKWAI IRI A CIKINSA?

Ƙululan nan ba su yin ƙwayoyin haihuwa. Saboda haka aka daɗe ana zaton maziyyi ba shi da iri. Amma ku tuna hanya ɗaya suke bi da maniyyi. Kwararon da aka bi da dami, ba a rasa tsabar dawa a ƙasa.

A 2011 waɗansu likitoci a garin Hull, a Ingila, suka buga sakamakon binciken da suka yi. Sun duba maziyyin mutum 27 da madubin likita. Suka sami ƙwayoyin haihuwa a na mutum 11, a cikinsu kuwa na mutum 10 suna da rai, suna iyo. A 2016 aka yi irinsa a ƙasar Tailan da mutum 42, aka samu a wajen mutum ɗaya cikin kowane shida. Watau ba kowane namiji ba ne, amma kai ba ka da hanyar sanin ko kana cikinsu, don ido ba ya ganin ƙwayoyin nan. Ƙwaya guda kuwa ta isa ciki, tana kuma iya kwana 5 da rai a jikin mace tana jiran ƙwai.

Waɗansu sukan ce a yi fitsari kafin a sake kusantar iyali, don a kore ragowar maniyyi. Yin haka ba laifi, amma kada ka dogara da shi. Mutanen Hull ɗin nan sun yi fitsari kafin a gwada su, duk da haka aka sami irin.

LISSAFIN LIKITOCI

In aka ɗauki mata 100 waɗanda mazansu ke azalu shekara guda, wajen 20 za su yi ciki. Ko an kiyaye sarai, ba a kuskure ko sau ɗaya ba, wajen 4 za su yi. Yawancin cikin nan daga jinkirin janyewa ne, ɗan'adam ba kullum yake mallakar kansa ba. Azalu ya fi babu, ba shakka. Amma matar da aka yi wa aiki a haihuwar bara, ko wadda ta zubar da jini har aka ƙara mata, wannan lissafi ya yi mata tsada ƙwarai. Kuma azalu ba ya tsare kowa daga sanyi ko ƙanjamau, gama maziyyi yana ɗauke da ƙwayoyinsu.

ME ZA KU YI?

Likitoci sun ce mace ta sami hutun shekara 2 bayan haihuwa kafin wani ciki. Ke uwargida, nono yana tsare ki wata 6 na fari kaɗai, shi ma sai in jariri ba ya shan kome sai nono dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. In ɗaya ya warware, tsaron ya tafi.

Ku tafi tare ɗakin tazarar haihuwa. Mutanen Unguwar Shanu, da na Abakwa, da baƙin da suka zo daga ƙauye, ga asibitin unguwa nan kusa. In abin ya fi ƙarfinsa sai a tura ku Barau Dikko. Akwai kwaroron roba, amma a sa shi tun kafin a fara, ba a tsakiya ba, saboda maziyyin nan. Akwai allurar wata 3, da ashanar da a kan sa a dantse ta yi shekara 3 zuwa 5, da robar mahaifa mai kai shekara 10. Ranar da kuka so haihuwa sai a cire, ko a bar allurar.

In kuwa an riga an yi kuskure, akwai ƙwayar gaggawa da a kan sha cikin kwana 5, gara ma a ranar farko. Hana ciki shiga take yi, ba ta zubar da wanda ya zauna. In al'ada ta yi jinkirin mako guda, uwargida ta kai fitsari a gwada, kada ta sha jiƙo ko maganin 'yan talla.