Darasi: Wanke Randar Waya

Wata mata a Kano tana sayar da atamfa daga cikin gida. Takan ɗauki hoton zani ta saka a Facebook, masu so su gani su kira ta. Ana nan sai wayarta ta soma nauyi. In ta taɓa Facebook sai ta yi ta jira, hoto ya ƙi buɗewa. Ta zo ɗaukar sabon hoto, wayar ta nuna mata babu sarari. Har ta ɗauko mayafi za ta kasuwar waya ta Farm Centre, sai ga ƙaninta.

"Yaya, kawo in duba tukuna," in ji shi. "Ina jin randarta ce take son wanki."

"Waya kuma da randa?"

Ƙwarai kuwa. Ba a zuwa rijiya duk sanda za a sha ruwa. Akan ɗebo a zuba a randa, in ƙishi ya zo a kamfata. Haka Facebook da TikTok da Instagram suke yi. Hoton da ka gani jiya, da guntun bidiyon da ka kalla, manhajar takan ajiye su a cikin waya don kada ta sake janyo su daga intanet. Sunan wannan ma'ajiya cache, ana furta shi "kash". Tana da amfani, domin tana sa abu ya buɗe da sauri, tana kuma rage cin data.

Amma ruwan da ya daɗe a randa yakan yi gansakuka. Kullum manhaja tana ƙara ajiya, har ta tara ɗaruruwan MB. MB 1000 shi ne kusan GB 1. Ƙananan wayoyin itel da Tecno da yawa GB 16 ko 32 ne duka cikinsu, kuma injin wayar kansa ya riga ya cinye wani kaso. In sararin ya kusa ƙarewa, sai waya ta riƙa maƙalewa. Wani lokaci ma abin da aka ajiye ne yake lalacewa, manhaja ta riƙa rufe kanta.

Ga yadda ake wankin a wayar Android. Nemi alama mai kama da taya mai haƙora, an rubuta Settings a ƙarƙashinta. Shiga, ka sauka zuwa Apps. Zaɓi Facebook. Sannan ka taɓa Storage. Sunayen sukan ɗan bambanta daga waya zuwa waya, amma hanyar ɗaya ce.

A nan ne karatu yake da rana. Za ka ga rubutu biyu kusa da juna. Ɗaya Clear cache, ɗaya Clear data. Kalmar farko iri ɗaya ce, don haka ta biyun za ka duba. Cache haruffa 5 ce, da c ta fara. Data haruffa 4 ce, da d ta fara. A wasu wayoyi Clear storage za ka gani a madadin Clear data, aikinsu ɗaya. Taɓa mai c kaɗai.

Clear cache zubar da tsohon ruwa ne. Hotunanka da saƙonninka da abokanka duk suna nan. Clear data kuwa yakan mai da manhaja kamar yau aka saka ta. Facebook zai fitar da kai, sai ka kawo lambar sirri kafin ka koma. Mutane da yawa a shago aka buɗe musu shafi, ba su taɓa sanin lambar sirrinsu ba, kuma abin takaici ne mutum ya rasa masu sayen kayansa saboda taɓi ɗaya. A WhatsApp abin ya fi muni: hirarraki sukan tafi, sai dai in an taɓa adana su a Google Drive.

Masu iPhone ba su da wannan maɓalli. Su galibi sai dai su cire manhajar su sake saka ta.

Kada kuma a mai da wankin na kullum. Ruwan da aka zubar sai an sake ɗebowa, kuma da datarka za a ɗebo shi. Bari sai waya ta yi nauyi ko ta yi kukan sarari. In kuma sabis ne babu ƙarfi a unguwarku, wannan wanki ba zai gyara komai ba.

Da ƙanin ya gama, Facebook ya buɗe ba jira. Sai ya shiga WhatsApp, ya taɓa Settings, sannan Storage and data, sannan Manage storage. Nan aka jera manyan bidiyoyin biki da na wa'azi da aka turo a guruf-guruf. Waɗannan ba cache ba ne, da hannu ake zaɓa a goge.

"Wannan na bikin ƙanwar maigidana ne, bar min shi," in ji ta.

Ya miƙa mata wayar. "To Yaya, saura TikTok. Ke za ki yi. Wane harafi za ki nema?"

Ta kai yatsa, ta tsaya, ta ƙirga haruffan ɗaya bayan ɗaya. Biyar ne. Ta taɓa.