FARIN ƘWARON ROGO DA YADDA ZA A YAƘE SHI

Manoman Gaya da Ajingi masu barin rogo a gona har cikin rani, a lura da wani ɗan ƙwaro fari mai kama da garin da aka barbaɗa. Ba ya cin ganye. Maƙalewa yake yi a kan tohon rogo da bayan ganye yana tsotse ruwan jikinsa.

Asalinsa

Daga Amurka ta Kudu ya zo. An fara ganinsa a Kongo a 1973, ya iso Nijeriya a 1979. A 1981 cibiyar IITA ta Ibadan ta saki wani ɗan mitsitsin zanzaro mai saka ƙwai a cikinsa ya kashe shi. Wannan zanzaro abokinka ne.

Alamunsa

Kan rogon ya cure wuri ɗaya, ganye ya nannaɗe, gaɓoɓin kara su gajarce, saiwa ta ƙi girma. Ya fi ɓarna da rani. Ruwan damina mai ƙarfi yana rage shi.

Abin yi

1. Kada ka yanki iri daga gonar da ta kamu. A jikin kara yake bin manomi zuwa sabuwar gona.
2. Ka shuka da zarar damina ta kankama, don rogon ya yi ƙarfi kafin rani.
3. Ka zaga gonarka kowane mako. In ka ga kan da ya kamu, karye shi ka ƙone. Kada ka yar a bakin gona.
4. In abin ya yi yawa, daka ƙwallon darbejiya rabin kilo, jiƙa a ruwa lita 10 ya kwana. Tace, sa ɗan sabulu, ka fesa da yamma har bayan ganye. Maimaita bayan kwana 7.
5. Kada ka ruga sayen maganin feshi mai ƙarfi a kasuwa. Farin kakin da ke jikin ƙwaron yana kāre shi, zanzaron kuwa nan take zai mutu. Ka ga an yi asara biyu ke nan.

A gida

Danginsa suna kama gwanda da alobera. Uwargida ta goge su da tsumma da ruwan sabulu, ba da kananzir ba, don yana ƙona ganye.

In ka ga abin da ya shige maka duhu, kawo kan rogon a leda wurin malamin gona na yankinku. Rigakafi ya fi magani.